Likita, da zarar na kwanta sai tunani ya taso

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 38, ina da shagon kayan masarufi, da mata ɗaya da yara huɗu. Kusan wata takwas ke nan barci ya ƙaurace wa idona. Da rana ina harkokina lafiya lau, amma da zarar na kwanta sai tunani ya taso: bashin da dila ke bi na, kuɗin makarantar yara, da wata magana da yayana ya faɗa mini tun bara. In saƙa wannan in warware wancan har ƙarfe biyu ko uku, wani lokacin ma ido biyu nake jin kiran assalatu. Gabana yakan faɗi haka kawai. Na karɓi ƙwayar barci a kemis, ta yi mini aiki na mako biyu, yanzu sai na sha biyu. Duk wanda na gaya wa sai ya ce in daina tunani in yi tawakkali. Na yi ƙoƙari, na kasa. Shin taɓuwa ce ta fara kama ni? Yaya zan yi in daina?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya yaye maka, Ya buɗa hanya. Bari in fara da abin da na san ya fi tsaya maka a rai: a cikin abin da ka rubuto ban ga alamar taɓuwa ba. Mutumin da ke buɗe shagonsa kullum, ya san lissafin bashinsa, ya kuma iya tsara matsalarsa daki-daki kamar yadda ka yi, hankalinsa na nan daram. Abin da kake fama da shi yana cikin koke-koken da na fi ji a ɗakin duba marasa lafiya, kuma magidanta irinka ne suka fi daɗewa da shi a ciki kafin su furta.

In na fahimce ka, abubuwa uku ne suka sarƙe maka: tunanin da ba ya ƙarewa, fargabar da ke sa gabanka faɗuwa, da rashin barci. Kowannensu yana ciyar da ɗan'uwansa. Ƙwayar kemis ta zo ta zama ta huɗu, kuma zan dawo kanta, don ita ce ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka.

Abin da ke faruwa idan ka kwanta

Da rana mai saye yana shigowa, yaro yana neman canji, ana sauke kaya, don haka tunanin ba ya samun fili. Sai dare ya yi, gida ya yi tsit, sannan ya same ka kai kaɗai. Jikin ɗan'adam kuwa ba ya bambance dilan da ke tsaye a ƙofar shago da dilan da ke cikin zuci. Da ka hango fuskarsa a ranka, jiki zai saki sinadaran shirin ko-ta-kwana, irin su adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure. Faɗuwar gaban da kake ji ke nan. Jikin da ya yi shirin kare kansa ba zai yi barci ba, haka aka halicce shi. Ga shi kuma ƙwaƙwalwar da ba ta samu barci ba takan ga komai ya fi girmansa, shi ya sa bashin da kake iya lissafawa da hantsi yake zama dutse da ƙarfe uku na dare.

Tunani iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Akwai wanda ke ƙarewa da wani abu da za ka tashi ka yi: gobe zan kira dila in ce zan riƙa ba shi kaza duk Juma'a. Akwai kuma wanda ke zagaye wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke: idan ya ƙi fa? Idan ya kwashe kayan fa? Idan mutane suka ji fa? Me ya sa yayana ya faɗa mini haka? Wannan na biyun ba shi da ƙarshe, domin tambayoyinsa ba su da amsar da za a samu a kan gado. Abin da ya sa yake da wuyar bari shi ne yana kama da aiki. Magidanci yakan ji a ransa cewa in ya daina tunanin kuɗin makaranta, kamar ya yi watsi da 'ya'yansa ne. Na sha tambayar masu zuwa wurina: a duk daren da ka kwana kana wannan lissafi, ko sau ɗaya ka wayi gari da dabarar da ba ka da ita jiya? Da wuya a samu mai cewa e.

Akwai wani abu kuma da wata takwas ya haifar. Wani masanin barci ɗan Amurka, Arthur Spielman, ya bayyana tun shekarun 1980 cewa abin da ya fara hana mutum barci daban, abin da ke riƙe da rashin barcin daban. Bashi ne ya kunna wutar, amma yanzu gadonka da kansa ya zama wurin zullumi, saboda dare sama da ɗari biyu ka kwanta a kansa kana juyi. Wani direba da na taɓa dubawa ya ce mini yana zaune a benci a tasha sai gyangyaɗi ya kwashe shi, a masallaci ana huɗuba da ƙyar yake riƙe idonsa, amma da ya ɗora kai a matashinsa sai idon ya bushe ƙayau. Na tabbata kai ma ka san wannan. Alama ce mai daɗi, don tana nuna barcin na nan bai lalace ba, wurin kwanciyar ne jiki ya koya wa tsoro, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi.

Dalilin da "daina tunani" ba ya aiki

Masu ce maka ka daina tunani alheri suke nufi, sai dai zuciya ba ta karɓar irin wannan umarni. A 1987 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Daniel Wegner ya zaunar da ɗalibai ya ce kada su yi tunanin wata farar dabbar ƙasashen ƙanƙara na tsawon minti biyar, duk sanda ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara daga baya, sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Gwada da kanka: ka ce wa ranka kada ya tuna farin raƙumi daga yanzu zuwa minti ɗaya. Kafin ka tabbatar ba ka tuna shi ba, dole ka leƙa ka duba, leƙawar kuwa ita ce tunawar. Don haka gazawar da ka yi ba rauninka ba ne, kowa ya gwada haka zai kasa.

Barci ma haka yake. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, ɓarawo kuwa ba ya shiga gidan da maigida ke zaune da tocila yana jiran sa. Duk sanda ka duba agogon waya ka ce saura awa uku a kira salla kuma ban runtsa ba, ka ƙara haska tocilar ke nan.

Batun tawakkali kuma, ina so ka sauke wannan nauyin daga kanka. Cikin addu'o'in da Anas ɗan Malik ya ruwaito Manzon Allah (SAW) yana yawan yi, kamar yadda ya zo a Bukhari, akwai neman tsari daga hammu da hazan, wato zullumin abin da ke gaba da baƙin cikin abin da ya wuce, kuma a cikin addu'ar guda aka haɗa da neman tsari daga nauyin bashi da rinjayen mazaje. Duba wasiƙarka: kuɗin makaranta na gaba ne, maganar yayanka ta baya ce, ga bashi a tsakiya. Da damuwa alamar raunin imani ce, da ba a koya wa al'umma baki ɗaya wannan addu'a ba. Ka riƙe ta safe da yamma, ka haɗa da abin da zan faɗa maka, babu wanda ke ture wani.

Ka yanka wa tunanin lokacinsa

Tun da ba a korar tunani, abin da ake yi shi ne a sauya masa lokaci da wuri. Thomas Borkovec da abokan aikinsa ne suka fara gwada wannan dabara a 1983 a Amurka, kuma har yau muna amfani da ita don tana aiki. Kai ɗan kasuwa ne, ka riga ka san asalinta. Me ya sa kake da littafin bashi a shago? Don kada ka riƙa yawo da sunan duk wanda ya karɓi sukari da taliya a kanka. Da ka rubuta, sai kai ya huta, don ya san abin na ajiye. Tunanin dare yana ta dawowa ne saboda ƙwaƙwalwa na tsoron kada a manta da shi.

Ka sayi ƙaramin littafi na daban. Kullum bayan la'asar, a shago ko a wani wurin da ba ɗakin kwananka ba, ka zauna minti ashirin zuwa talatin. Ka raba shafi biyu. A dama ka rubuta abin da ke damun ka, da sunansa da adadinsa. Kada ka rubuta "bashi ya yi mini yawa", rubuta wane ne ke bin ka, nawa ne, yaushe ya ce a biya. A hagu ka rubuta mataki ɗaya tak da ke hannunka, komai ƙanƙantarsa, da ranar da za ka yi shi. Wanda ba shi da mataki, kamar tashin farashin kaya, ka rubuta a gabansa: wannan ba a hannuna yake ba. Lokaci na cika ka rufe littafin, ko da ba ka gama ba. Idan tunanin ya zo da dare, kuma zai zo, kada ka yi kokawa da shi. Ka ce masa: na gan ka, kana cikin littafi, gobe bayan la'asar za mu zauna. In sabo ne, ka rubuta kalma biyu a takardar da ke kusa da kai ka mayar da kai matashi. A daren farko za ka iya faɗin haka sau talatin. Ba komai, kowane sau ɗaya horo ne.

Wata malamar firamare da na yi aiki da ita ta zo mini da littafinta bayan mako biyu, tana ta ba ni haƙuri wai ba ta iya rubutu mai tsari ba. Muka buɗe tare. Ta ɗauka damuwarta ba ta ƙirguwa, sai ga shi abu biyar ne kacal suke ta maimaita kansu a shafi goma sha huɗu, uku daga ciki ma kuɗin haya ne ya sauya riga. Ta daɗe tana kallon shafin ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ashe iya su ke nan." Kuɗin hayan bai ragu da ko kwabo ba a ranar, amma a makon ta je ta sami mai gidan suka yi magana, abin da ta shafe wata huɗu tana gudu.

Maganar yayanka tana buƙatar kulawa ta daban, domin irin wannan ba a warware shi da lissafi. Shekara guda kana maimaita ta, kana shirya amsar da ka so ka ba shi. Ka rubuta ta sau ɗaya cikakkiya: me ya ce, a gaban wa, me ya fi yi maka ciwo a ciki. Sau da yawa ba kalmar ba ce, abin da ta taɓa ne, misali jin cewa ana ganin ka gaza. Daga nan hanya biyu ce: ko ka same shi ku yi magana, kai tsaye ko ta hannun wani babba a gidanku, ko ka yanke cewa ka bar ta. Duk wadda ka zaɓa ta fi zaman da kake yi yanzu a tsakani.

Kafin ka kwanta kuma, ka ɗauki minti biyar ka rubuta ayyukan gobe dalla-dalla. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Baylor aka wallafa a 2018, cikin matasa 57, waɗanda suka rubuta abin da za su yi gobe barci ya ɗauke su kusan minti tara kafin waɗanda suka rubuta abin da suka riga suka gama. Ƙaramin gwaji ne, amma abin ba ya cin kuɗi.

Sake koya wa jiki gado

Wannan ɓangaren ya fi wuya, kuma shi ya fi saurin kawo sauyi. Tushensa aikin Richard Bootzin ne na 1972, kuma yana cikin tsarin jinyar rashin barci ba tare da ƙwaya ba, wanda ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta ce a 2016 shi ya kamata a fara da shi kafin magani. Ƙa'idar ita ce kada gado ya zama wurin zama ido biyu. Kada ka kwanta don agogo ya ce lokaci ya yi, ka bari sai idonka ya yi nauyi, ko da hakan ya kai ka sha biyun dare a farko. In ka kwanta ka ga kamar minti ashirin sun wuce, a ƙiyasi ba da duba waya ba, kuma saƙe-saƙen sun fara, ka tashi. Littattafan Turawa za su ce ka koma wani ɗaki, amma na san gidajenmu, wataƙila ɗaki ɗaya ne da uwargida da jariri, wataƙila ba wuta. Shimfiɗa tabarma ko darduma a gefe ya isa, ko ka fita tsakar gida in da hali. Ka zauna a duhu ko haske kaɗan, ka ja carbi, ko ka karanta abin da ka haddace a hankali, kana jan numfashi ta hanci kana sakin sa a hankali ya fi shigarsa tsawo, don sakin numfashi a hankali yana rage bugun zuciya. Sai barci ya fara fizgar ka sannan ka koma gado. In ya sake gudu, ka sake tashi. Waya kuwa a bar ta nesa, domin labaran da ke cikinta sun fi haskenta tayar da hankali.

Lokacin tashi shi ne turken komai, mu kuwa muna da shi a shirye: asuba. Ko awa uku ka samu, ka tashi, kuma kada ka koma ka rama bayan salla har hantsi. Yunwar barci taruwa take yi tun daga sanda ka farka, kamar yadda yunwar abinci ke taruwa ga mai azumi, kuma ramakon safe yana cinye ta kafin dare. Ka fita ka sami hasken safiya, in da hali ka taka da ƙafa zuwa shago. Ƙailula ba laifi in ba ta wuce minti ashirin zuwa talatin ba, kuma kafin la'asar. Gaskiya makon farko za ka ji jiki, wataƙila fiye da yanzu. Yawanci a mako na biyu zuwa na huɗu ake fara ganin barcin yana haɗuwa wuri ɗaya. Amma in kana da farfaɗiya, ko an taɓa ce maka kana da ciwon da ke sa mutum ya yi kwanaki ba barci yana ta zumuɗi da kashe kuɗi, ko kana tuƙin doguwar hanya, kada ka rage lokacin kwanciya sai da sanin likita.

Ba ka faɗa mini abin da kake sha ba, amma zan tambaya. Shayi, Nescafé, goro, lemon kwalba mai launin baƙi da lemukan ƙara kuzari duk suna da sinadarin kafeyin mai hana barci, kuma bayan kimanin awa biyar rabinsa na nan a jini. Kofin da aka sha a teburin mai shayi bayan isha'i yana nan yana aiki da ƙarfe ɗayan dare. Ka tsayar da su daga azahar na mako biyu ka gani.

Ƙwayar kemis, da lokacin zuwa asibiti

Ban san wace ƙwaya aka ba ka ba, amma yadda ka kwatanta, ta yi aiki mako biyu sannan ta nemi ƙari, ya yi kama da dangin diazepam, wadda aka fi sani da Valium. Irin waɗannan ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shan su, don jiki yana sabawa ya riƙa neman ƙari. Kada ka ƙara adadi. Kada kuma ka yanke ta dare ɗaya in ka yi watanni kana sha kullum, domin hakan na iya kawo rawar jiki, fargaba mai tsanani, har da jijjiga. A hankali ake rage ta, bisa tsarin likita. Ka ɗauki kwalin ko sauran ƙwayar ka tafi da shi.

Daga wasiƙa ba zan iya auna hawan jininka ko in duba wuyanka ba, kuma akwai cututtukan jiki da ke zuwa da rigar damuwa. Halittar nan ta maƙogwaro (thyroid) da ke haddasa maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima, tana sa bugun zuciya, zufa, rama da rashin barci. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci shi ma matsalarsa daban ce, uwargida ce za ta fi ka sani. Wata takwas kuma ya wuce ma'aunin da muke amfani da shi, wato dare uku a mako har wata uku, don haka ka cancanci a duba ka ido da ido. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka, akwai waɗanda ke layi da irin matsalarka ce ta kawo su. In likita ya ga fargabar ta yi ƙarfi, akwai magungunan da ba sa kama jiki irin na kemis, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu. Idan kuwa ka ga abinci ya fita ranka, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, ko ka fara jin gara ma ba ka raye, to kada ka jira gwada littafi ko tabarma. Ka gaya wa wani na kusa da kai a ranar, ku tafi asibiti tare.

Dole in faɗa maka iyakar abin da na kawo: babu ɗaya a ciki da zai biya dila. Damuwarka tana da tushe na gaske, kuma ba zan ce maka tunani ne kawai ba. Abin da nake sa rai shi ne ka samu barcin da za ka fuskance shi da kai mai sanyi. Kuma kada ka ci gaba da ɗauka kai kaɗai. A Zimbabuwe, inda masu jin harshen Shona ke kiran wannan ciwo kufungisisa, wato yawan tunani, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin unguwa a Harare, su saurari mutum, su taya shi zaɓar matsala ɗaya da mataki ɗaya, kuma bincike ya nuna mutane sun samu sauƙi sosai. Kai ma ka nemi naka mai sauraron. Uwargida tana jin juyin da kake yi kowane dare, kuma mai yiwuwa abin da take zargi ya fi gaskiyar muni. Ka zaunar da ita da rana, ba a kan gado ba, ka gaya mata adadin bashin.

Daga gobe, kowace safiya bayan salla ka rubuta layi ɗaya a bayan littafin nan: ƙarfe nawa ka kwanta, kusan ƙarfe nawa barci ya ɗauke ka, sau nawa ka tashi zuwa tabarma, ƙwaya nawa ka sha. Wannan shafin da kwalin maganin su ne abu na farko da likitan zai so gani, kuma ka sa ranar zuwan cikin wannan makon, kada ka bari sai ƙwayar ta ƙare.